Ga goyo, ga suyar layya, ga saƙar mutane a hannuna

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 24. Na yi haihuwar fari wata biyu da rabi da suka wuce, namiji. A gidanmu na yi wanka, bayan arba'in na dawo ɗakina. Ba yabon kai ba, an san ni da girki a dangin maigidana. Duk sallah ni ke yin cincin da dubulan da alkaki, bara ma ni na tsaya a kan suyar raguna biyu, namu da na Hajiya mahaifiyarsa. Ina kuma saƙar kayan jarirai da kwarashi ina sayarwa ta WhatsApp. Tun ina da ciki na karɓi kafin alƙalami na saiti takwas a kan zan bayar kafin babbar sallah. Da a kwana uku nake gama saiti, amma tun da na dawo biyu kacal na iya gamawa. Yaron ba ya yarda a ajiye shi, da shi a bayana nake girki, wani lokaci har azahar ban karya ba. Ko shara na yi sai haki, da dare kuma sai na tara filo nake iya barci, amma na san gajiya ce. Umma ta haɗo ni da garin kunun kanwa, ina sha kullum saboda nono. Maigida ya ce girkina ya canza. Hajiya ta aiko cewa bana ma a gidana za a yi suya, dangi su ci abincin sallah a nan. Facalata kuwa cewa ta yi ita da jaririn kwana arba'in ta yi suya. Haka kawai sai in zauna in yi ta kuka. Ba na so a ce haihuwa ɗaya ta mai da ni raguwa. Saura mako uku sallah. Yaya zan tsara lokacina in yi duka?

Mai jego, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya shi, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Tsarin da za ki yi duka ba zan ba ki ba, don babu shi. Na lissafa abin da kika zayyano: saiti shida, kayan fulawa kala uku, raguna biyu, abincin dangi, ga jaririn da ke neman nono sau takwas zuwa goma sha biyu daga safiya zuwa safiya. Ko mata biyu masu ƙoshin lafiya aka ɗora wa wannan a mako uku sai sun ji a jikinsu. Abin da ya rage shi ne ki zaɓi abin da za a sauke, ki faɗa da bakinki tun yanzu, tun mutane na da sararin neman wata hanya. In ba ki sauke da kanki ba, jiki zai sauke miki ana tsaka da hidima, shi kuwa ba ya jin kunyar suruka.

Kafin mu je ga cincin, mu koma kan abin da kika wuce da gudu a wasiƙarki. Kin ce ko shara kika yi sai haki, ba kya iya barci sai kin tara filo, kika rufe da cewa kin san gajiya ce. Wannan hukunci na likita ne, ba naki ba, ba nawa ba. Zai iya zama gajiya da ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga masu haihuwa, maganinsa kuma ba wuya. Amma akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata daga watan ƙarshe na ciki zuwa kamar wata biyar bayan haihuwa. Zuciya ce ke yin rauni ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Alamominsa na farko su ne waɗannan biyun da kika ambata, haki a kan ƙaramin aiki da kasa kwanciya a miƙe, sannan kumburin ƙafa, tarin dare, da bugun zuciya da sauri. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bibiyi mata fiye da 200 masu wannan ciwo a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a asibitin Malam Aminu Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar rashin isasshen abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Ana samun sauƙi in an kama shi da wuri, mata da yawa zuciyarsu na komawa daidai. Jinkiri ne ke ɓata lamarin.

Saboda haka gobe, ba jibi ba, maigida ya kai ki asibiti. Kada ki ce wa likita “ba na jin daɗin jikina” ki yi shiru, irin namu na kunya. Ki faɗa masa filo nawa kike tarawa, taku nawa kike yi kafin haki, ki nuna masa ƙafafunki, ki ambaci kanwar. Za a auna hawan jini, a duba yawan jininki, a saurari ƙirji, in da buƙata a yi hoton zuciya da ake kira eko. Idan kuwa cikin daren nan numfashi ya sarƙe miki, kada a jira gari ya waye. Duk abin da zan faɗa nan gaba yana bayan abin da likita zai ce. In ya ce hutu, to ko cincin ɗin ma an ɗage.

Kunun kanwar nan ki dakata da shi daga yau. Umma ta ba ki ne da ƙauna, yadda aka ba ta, ba kuma sai kin kira ta kin yi gardama ba. Kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuwa ba abin da ta ƙi kamar ƙarin ruwan da za ta tura. Abin da ke kawo nono shi ne yawan tsotson yaro, da cin abincinki, da shan ruwa duk lokacin da kika ji ƙishi. Kunun gyaɗa ko na tsamiya ko koko za su yi miki aikin ɗumama ciki. Ki rage dunƙulen ɗanɗano da gishiri a miya kafin ki ji sakamakon awo.

Sai saƙa. A mako biyar kin gama saiti biyu. In aka bi wannan tafiya, shidan da suka rage sai sun ci wata uku da wani abu. Ba raini ba ne ga hannunki, lissafi ne kawai. Alƙawari kaya ne, na sani, amma wanda ya fi muni shi ne ki yi shiru har jajiberin sallah sannan ki fara kashe waya. Yau ɗin nan ki rubuta wa kowace saƙonta daban, ba a sitatus ba. Ki ce: “Hajiya, na haihu, jikina bai dawo ba, ba zan iya cika alƙawarin kafin sallah ba. Ki zaɓa: in dawo miki da kuɗinki, ko in haɗa ki da wata mai saƙa da na yarda da aikinta, ko ki ba ni zuwa farkon sanyi in saƙa miki daidai girman yaron a lokacin.” Na ukun nan za ki sha mamakin masu karɓarsa, domin wa ke sa wa jariri rigar ulu da zafin nan? Kasuwar saƙa ta hunturu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wata za ta yi fushi, ta yi miki magana mai zafi. Ki ba ta haƙuri, ki ba ta kuɗinta, ku rabu lafiya. In kin taɓa kuɗin wajen sayen ulu ko hidimar suna, ki gaya wa maigida adadin, a cire daga kasafin sallah. Atamfa ɗaya ta isa bana. Gara haka da a ce sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Ban ce ki ajiye kwarashi ba. Ina cikin masu ganin mai jego na buƙatar abu ɗaya da yake nata, wanda in ta yi shi zai zauna a yadda ta bar shi. Wanki ana gamawa wani ya taru, kwanuka haka, yaro ya sha ya sake nema, amma layi biyar da kika saƙa da hantsi suna nan da yamma. Abin da ya mai da saƙar azaba shi ne kuɗin mutane da ranar da aka tsayar. Ki ɗauki ƙaramin abu, safa ko hular da ba wanda ke jira, ki yi minti goma sha biyar in ya yi barci, ki ajiye. Idan gindin babban yatsanki ko wuyan hannu ya fara zugi, ki huta masa kwana biyu, don ɗaga jariri da riƙon kwarashi jijiya ɗaya suke wahalarwa. Ki nemi gwangwani mai murfi ki zuba kwarashi da allura da almakashi da maɓallai, ki daina soke allura a gefen katifa ko a bakin zani. Nan da wata ɗaya ko biyu yaron zai fara juyi da kai hannu, kome ya damƙa kuma baki zai kai. Kayan da za ki saƙa masa kada ki sa musu duwatsun ado ko igiyar da ke ɗaurewa a wuya, bargon saƙa kuma kada a lulluɓe shi da shi yana barci. A rigingine za ki riƙa kwantar da shi, cikin gidan sauro.

Yanzu babbar magana, suya. Duk wadda ta taɓa tsayawa a kan suyar layya ta san ba girki ba ne, aikin ƙarfi ne. Ranar sallah ana fama da kayan ciki, wanke tumbi da kitsa hanji, a rataye nama ya sha iska. Washegari a yanka, a tafasa, a tsame, a soya kasko bayan kasko daga hantsi har bayan la'asar, galibi a murhun itace a tsakar gida, ga kai da ƙafa na jiran babbaka. Ki sa jaririn wata uku a cikin wannan hoton. Goyo na da daɗi, shi ne ma ya sa kike samun yin shara da wanke-wanke, amma a gaban mai mai zafi ba shi da wuri. Ƙafafunsa na leƙowa ta gefen ƙugunki, daidai bakin kasko. Naman da bai tsane ba in ya faɗa mai, sai ya yi tartsatsi. In kin sunkuya gyara itace, fuskarsa na cikin hayaƙin da ke hawa, hayaƙin itace da gawayi kuwa na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ƙananan yara ciwon huhu. Zani kuma yakan kwance ba sallama. Wannan doka ki fara ta tun daga girkin yau: in za ki soya wani abu ko ki sauke tukunya mai tafasa, ki sauke shi tukuna, ko da zai yi kuka na minti biyar a kan shimfiɗa. In tsautsayi ya gitta wani ya ƙone, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a wurin har minti ashirin, sannan asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja.

To wa zai yi suyar? Nan maigida ya shigo. Ba a rubuta a ko'ina cewa naman layya aikin matar gida ba ne ita kaɗai. A Sakkwato da Yamai da Damagaram maza ne ke kafe raguna a jikin itace su jera su gefen wuta, su wuni suna juyawa. A Kanon ma ana ɗaukar mahauci ya yi fiɗa ya yayyanka, akwai kuma mata a unguwa da suyar sallah ce sana'arsu, a biya su su tafi da ɗan rabonsu. Wanda ya iya sayen rago, kuɗin mai suya ba zai gagare shi ba, sai dai in ba a gaya masa da wuri ba. Maza da yawa ba mugunta ce ke sa su shiru ba, suna fita da safe su dawo su tarar da abinci a kula, ba su ga abin da ya faru tsakani. Shi ya sa nake so shi da kansa ya kai ki asibiti, ya shiga ya ji da kunnensa. Daga nan ki same shi bayan ya ci ya huta, ba a bakin ƙofa ba, kuma kada ki fara da ƙorafin maganar da ya yi a kan girki. Ki roƙi abubuwa masu suna: a ɗauki mai suya, a cika tukunyar gas kafin sallah, a sayi waina wajen mai waina maimakon ki zauna gaban tanda, shi kuma ya riƙe yaron rabin awa bayan isha ki yi wanka ki ci abinci da hannu biyu. In kunyar ɗan fari ce ke hana shi ɗauka, a ƙuryar ɗaki ba mai ganinsa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa. A Suratul Baƙara aya ta 233 kuma, inda aka yi maganar shayarwa, an hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Ba don ki yi masa wa'azi na kawo ba, don ke ki daina jin kamar alfarma kike roƙo.

Hajiya kuwa, ina zaton ba da nufin takura ta aiko ba. Bara kin yi, an ji daɗi, an yaba, sai ta ɗauka girmamawa ce a sake ba ki. Kada ki aika mata da “ba zan iya ba” ta waya, kada kuma ki bari ta ji a bakin facala. Maigida ya fara yi mata bayanin abin da likita ya ce, maganar ɗa ta fi sauƙin shiga kunnen uwa. Sannan ki ɗauki jikanta ku je ku gaishe ta, ki durƙusa, ki miƙa mata shi, ki ce: “Hajiya, shawara na zo nema. Jikin nawa bai gama dawowa ba, ga angonki ba ya sauka daga hannu, ina tsoron in karɓi aikin in ba ki kunya a gaban baƙi. Yaya kike ganin za a yi?” Tsohuwar da aka nemi shawararta takan ba da fiye da abin da aka zo nema. Abin da ya fi miki shi ne a mai da taron da suyar gidanta bana, ku ku je ku gaishe ta ku ci ku dawo. In ta dage sai gidanki, to a turo miki ƙannen maigida mata tun jajibere, a zo da mai suya, ke naki shi ne ki zauna a inuwa nesa da hayaƙi ki ce a ƙara citta, a rage wuta. Sanin girki a kai yake, ana iya bayar da shi daga kan kujera.

Facalarki ki bar ta da labarinta. Ba ta faɗi mata nawa suka kama mata ba, ba ta faɗi kwana nawa ta yi a kwance bayan sallah ba. Ki ce mata “sannu da ƙoƙari” ki wuce.

Maganar girki ya canza gaskiya ce, ya canza, kuma zai dawo. Kukan jarirai kan kai ƙololuwa wajen mako shida, ya fara lafawa daga wata uku zuwa huɗu, ke nan kin kusa fita daga mafi wuyar. Kafin nan ki koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Ki aika a yi miki markaɗe mai yawa, tumatur da tattasai da attaruhu da albasa, ki tafasa har ruwan ya ƙone, ki soya, ki rarraba a robobi in firijinku na samun wuta. In ba ya samu, ki yi na kwana biyu, kina ɗumamawa har ya tafasa safe da yamma. Da wannan a hannu dafa-duka da taliya da faten dankali duk aikin rabin awa ne. Kakanninmu ba su da firiji amma sun bar mana kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da kauɗar tumatur da daddawa, miyar da ba a gyaran ganye ba a yanka. Ki tuƙa tuwo da yawa da yamma, safiya ta zama ɗumame. Garin ɗanwake ya zauna a ɗaki, garau-garau da mai da yaji da ɗan latas ba abin kunya ba ne a gidan mai jego. Sinasir da funkaso da dambu su jira bayan yaron ya fara zama.

Abin da ya fi ba ni haushi a wasiƙar shi ne wai har azahar ba ki karya ba. Mai shayarwa na buƙatar abinci fiye da lokacin da take da ciki. Tun da dare ki dama kunun gyaɗa ki zuba a filas, ki dafa ƙwai biyu, ki ajiye su da dabino da ayaba da gorar ruwa a inda kike zama ki ba shi nono. Yana sha kina ci. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wake, kifi, duk su zama na kullum, ranar sallah kuma ki ce a ajiye miki hanta, tana ƙara jini. Azumin ranar Arfa nafila ne, da halin da kike ciki bana ki bar shi.

Kayan fulawa kuwa, ɗaya. Alkaki kwana yake nema kafin ya tashi, sannan murza da naɗi ɗaya bayan ɗaya, dubulan ma naɗin ne ke cin rai. In ana so a saya wajen masu yi. Cincin ne ke yarda a raba shi: ki kwaɓa ki yanka a zaune, wata ta soya, in ya huce sarai a zuba a bokiti mai murfi, zai yi makonni bai yi komai ba. Mudu biyu ya ishi baƙi.

Ranar sallah kowa zai so ya ɗauki ɗan fari. Ki ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, ki ce ma'aikatan asibiti ne suka ce a wanke hannu, ba wanda zai ji haushinki. Mai mura ko tari ya gaishe shi daga nesa, sumbatar fuska kuma a bari. Ki sa ido a kan gwaggonni masu lasa wa jariri romo ko lemo, da masu cewa ana zafi a ba shi ruwa. Har ya cika wata shida nono kaɗai ya ishe shi, kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon ruwa ne, in ana zafi ƙara ba shi za ki yi. Zuma kuwa sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya kashewa ba, mai sa jiki ya saki. Kwallin gargajiya na dutse kada a ranɗa masa, yawancinsa dalma ce a ciki. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce, ita kuwa ƙwaƙwalwa take taɓawa. Kayan barka da aka adana da kafur a wanke su a shanya a rana kafin a sa masa, lalle ma kada a sa masa ko a tafin ƙafa. Akwai yara, musamman maza, da aka haifa da jinin da kafur da lalle ke farfasawa, ba kuma a gane su da ido. Turaren wuta a yi shi ba ya ɗakin, a buɗe taga kafin a shigo da shi. Shadda mai sitaci da hula da takalmi a sa a ɗauki hoto, a cire a mai da shi cikin 'yar rigar auduga, in ba haka ba ƙurajen zafi za ki kwana jinya.

Ki duba katinsa na rigakafi yau. Allurar mako goma sha huɗu za ta faɗo ne daf da sallah, asibitocin unguwa kuma ba sa yin rigakafi ranakun hutu. Ki tambayi ma'aikaciyar ranar da za ki kawo shi, ki sani yakan ɗan yi zazzaɓi da rigima kwana ɗaya ko biyu bayanta. Amma in ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri ƙirji na lotsawa, ko jikinsa ya yi zafi ba allura, ko ya yi jijjiga, ba a jiran a gama sallah.

Ban manta da kukanki ba. Yawancin mata kan yi 'yan kwanaki suna hawaye ba dalili a makon farko, ya wuce da kansa cikin mako biyu. Naki ya kai wata biyu da rabi. Mai yiwuwa rashin barci ne da yunwa da nauyin da kika ɗora wa kanki, in an sauke ya tafi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da damuwar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon baƙin ciki. Ba rashin godiyar Allah ba ne, ba iska ba ce, kuma yana da magani. Ki haɗa shi cikin abin da za ki faɗa wa likita gobe. Idan kin wayi gari ba abin da ke ba ki sha'awa, ko kina jin yaron ya fi ƙarfinki har tunanin cutar da kanki ko shi na zo miki, ki faɗa wa maigida ko Umma a take, a koma asibiti a ranar. Ki kuma gaya wa Umma gaskiyar halin da kike ciki, ki daina ce mata lafiya lau a waya. In akwai ƙanwa ko 'yar gwaggo da ke hutun makaranta, a turo miki ita ta yi miki wata guda.

Yawon sallah gida biyu ya isa, na Hajiya da na su Umma, da sanyin safiya ko bayan la'asar, ba rana ɗaya ba in so samu ne. Kallon hawa, da ƙurarsa da ƙarar bindigogi da turmutsutsu, ba na jariri ba ne. Sauran dangi su suka san hanyar gidanki, mai jego ake zuwa gaisarwa. Ke kuma ki yi kitsonki kwana uku kafin sallah tun masu kitso ba su cika ba, a sa miki jan lalle a ƙafa, ki bar baƙin nan mai haɗin sinadari, hannun da ke riƙe jariri da nono bai dace da shi ba. Ɗinkinki ki ce wa tela ya sa zif a gaba.

Ki rubuto mini abin da likita ya ce. Allah ya ba ki lafiya, ya kai mu sallar lafiya.